Ƙashi ya haɗe amma ɗingishi ya ƙi tafiya: lamarin wani dillalin kayan gwari a Jos

Wannan lamarin wani majinyaci ne da muka yi aiki da shi a ɓangaren gashin ƙashi, wato fisiyo, a nan Jos. Da yardarsa nake rubutawa amma ba zan kama suna ba, Alhaji kawai zan dinga cewa tunda dama haka kowa ke kiransa. Shekararsa 46, dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, tumatir, attaruhu, kabeji da su karas, gidansa kuma wajen Unguwar Rogo. Keke napep ce ta kife da su a titin Bauchi da yamma, ƙafarsa ta dama ta karye a can saman ƙashin ƙwauri daidai inda yake haɗuwa da na cinya, wato karayar ta shiga har cikin gwiwa. 'Yan uwa sun so a wuce da shi gun mai ɗori, wani ƙaninsa ne ya kafe sai an ɗauki hoto tukun, da aka ga eksire ɗin kuwa babu wanda ya ƙara tayar da maganar ɗori. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe da kusoshi, aka ce kar ya kuskura ya taka ƙafar sai bayan wajen wata uku, dama haka ake yi da irin wannan karayar. Ya bi doka. Sanda biyu, sanda ɗaya, daga baya ya koma 'yar sandar hannu irin ta dattawa.

Sanda aka turo shi wurinmu wata takwas kenan da hatsarin, damina na shirin ɗaukewa. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗe tsaf, likitan ƙashi ya ce masa Alhaji ka warke je ka ci gaba da harkokinka. Amma mutum na ɗingishi sosai, kuma abin da ya kawo shi ma ba ƙafar da ta karye ba ce, kwankwasonsa ne ya matsa masa, sai kuma gwiwar hagu mai lafiyar da ta fara yi masa tsami da yamma. Abin da ya fara ce min shi ne "likita ina ga aikin nan bai yi ba, ko ƙafar ce ta gajarce?"

Abin da muka gani

Kafin ka ce wa mutum ɗingishinka sabo ne dole ka tabbatar babu wani dalili na zahiri, in ba haka ba ka zalunce shi. Mun auna tsawon ƙafafun da tef daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, babu bambancin da za a tsaya magana a kai. Wurin aikin ba zafi, ba ruwa, ba ƙurji. Yana iya ɗaga tafin ƙafa da yatsu sama, wannan muna duba shi musamman saboda akwai wata jijiya da ke zagayowa ta gefen gwiwa ta waje, in ta taɓu sai ƙafa ta dinga faɗuwa tana jan ƙasa, tasa lafiya lau. A kwance gwiwar na miƙewa sarai tana kuma lanƙwasuwa har wajen digiri 120. Tsokar gaban cinya kam ta rame, ko da ido za ka gani, ƙarfinta bai kai na hagu ba amma tana da abin da zai ishe shi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri.

Sai muka ce ya taka mu gani. A baranda muka auna mita 10, ya cinye ta a wajen sakan 14, kamar mita 0.7 kenan a sakan ɗaya, alhali babban mutum mai lafiya na yin 1.2 zuwa 1.4. Gwiwar nan da ta lanƙwasu 120 a kan gado, yana miƙewa tsaye ta sandare. In zai ɗaga ƙafar sai ya ɗage ƙugun dama sama ya zagayo da ita ta gefe, in zai sauke kuma tafin gaba ɗaya yake dankarawa maimakon dunduniya ta fara sauka, kuma ba ya yarda ya daɗe a kanta, yana takawa zai yi maza ya jefo ta hagu, shi ya sa takun hagun ya zama ɗan guntu. Ido a ƙasa. Silifas ɗinsa a kan tayil kaɗai sun isa su ba ka labari ko ba ka kallo, ɗaya ta yi tim, ɗayar ta biyo ta da sauri, sai shiru, sai kuma tim.

Na ce ya dafa bango ya yi tafiya da baya-baya, gwiwa ta lanƙwasu lafiya. Na ce ya yi maci a wuri ɗaya irin na 'yan firamare, ta lanƙwasu. Ya hau matakala, ta lanƙwasu. A tafiyar gaba ta yau da kullum ce kawai take ƙi. To ka ga ƙafa na da abin da ake buƙata, amfani da shi ne ba a yi. Wata uku ƙwaƙwalwa na hana ƙafar nan taɓa ƙasa, wasu watannin tana lallaɓa ta saboda ciwo, a lokacin dabara ce mai kyau don ita ta bar ƙashin ya haɗe, to ciwo ya tafi dabarar ta zauna, kuma mutumin da ke taku dubbai a rana kullum tirenin yake yi wa ɗingishin bai sani ba. Da na yi masa wannan bayanin dariya ya yi ya ce "wato dai sabo turken wawa." Na ce Alhaji ni ban faɗa ba, kai ka faɗa.

A nan nake da ja da yadda ake yawan yi. In irin wannan ya zo, fitila mai zafi za a haska masa, a manna masa na'urar nan mai ɗan shokin, a murza da man zafi, a ce ɗaga ƙafa sau kaza, sai wani satin. Majinyatan ma wallahi abin da suke so kenan, in ba a jona musu wani abu da wuta ba gani suke kuɗin katinsu ya tafi a banza. Ƙarfafa tsoka dole ne, mu ma mun ba shi tashi-zauna daga kujera, hawa da sauka a matakala, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Amma za ka iya cika cinya da ƙarfi mutum ya miƙe ya ci gaba da ɗingishinsa, don tafiya koyonta ake yi, kuma wanda ya koyi wata sai an sake koya masa.

Bidiyo

Muka ɗauke shi da waya ta gefe da ta baya, muka rage gudun hoton muka miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. Ya san yana ɗingishi tunda ana faɗa masa, amma bai san haka yake ɗage ƙugu ba, shi a jikinsa ji yake a miƙe yake. Da muka sa ya yi taku daidai wa daida na 'yan mitoci sai ya tsaya cak ya ce "a'a likita, yanzu ne ma nake jin na karkace." Tunda ɗan kasuwa ne na ce masa ka san sikelin da allurarsa ta goce, kullum yana nuna kilo ya cika alhali bai cika ba, ranar da aka saita shi sai mai shi ya ga kamar yanzu ne ake cutarsa. To na jikinka ne ya goce.

An gwada wannan a kan masu lafiya ƙalau. Akwai injin tafiya mai bel biyu, kowace ƙafa da nata, Amy Bastian da abokan aikinta a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi aiki da shi sosai tun wajen 2005. Sai a sa bel ɗaya ya ninka ɗayan gudu, mutum ya fara da ɗingishi, cikin minti 10 zuwa 15 jikinsa ya daidaita, to in aka mayar da bel ɗin duka gudu ɗaya sai ya koma ɗingishi ta ɗaya ɓangaren na ɗan lokaci alhali babu abin da ya samu ƙafarsa. Ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta wajen ƙeya, sarabelom, ita ke wannan saitin, waɗanda tasu ta samu matsala ba sa iya daidaitawa yadda ya kamata. In kwatan awa ya isa ya canza saitin mai lafiya, ina ga wata takwas. An kuma lura abin da aka koya a kan injin ba duka yake bin mutum ƙasa ba, wani ɓangare ne kawai, kuma wannan ya same mu a gaba.

Mun daina ambaton gwiwa

A gida an sa shi a gaba. Hajiya ta ce "Alhaji miƙe mana", yara su ce "Baba lanƙwasa gwiwar", abokan kasuwa su ce ka daina jan ƙafar nan haka. Duk don Allah suke yi, amma ana faɗa yana ƙara sandarewa, don hankalinsa ya koma kan gwiwa yana son ya tuƙa ta da tunani. Tun 1967 wasu masana biyu, Fitts da Posner, suka kasa koyon motsi gida uku, da farko mutum na tunanin kowane motsi yana ta kuskure yana gajiya, a tsakiya ya fara haɗa abin yana gyara ƙananan kurakurai, a ƙarshe abin ya zame masa jiki yana yi yana hira. Matsalar Alhaji ɗingishin ya kai mataki na uku, tafiya mai kyau kuma tana na ɗaya, duk sanda hankalinsa ya ɗauke wanda ya zama jiki ne zai fito.

Kuma shi "lanƙwasa gwiwa" ɗin ma ba nan gyaran yake ba. A tafiyar lafiya ƙafa na yin kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin a ƙasa, 40 a sama. Gwiwa na kai wajen digiri 60 in ƙafar na sama, amma kusan 40 daga ciki ta riga ta yi su tun yatsu ba su bar ƙasa ba, kuma ba wai mutum ke jan ta da ƙarfi ba, in ka bar ƙafa a bayanka jiki ya wuce ta dunduniya ta ɗaga, gwiwa da kanta take lanƙwashewa. Alhaji ba ya barin ƙafar a baya sam, tun tana ƙarƙashinsa yake fizge ta. Abin da muke nema kenan, ya daɗe a kanta har ta koma baya.

Na sa ɗansa da ke rako shi ya tsaya a bayansa, na ce "Alhaji, duk taku ka nuna wa yaron nan ƙasan takalminka." Shi kenan umarnin. Bai yi nisa ba dunduniya ta ɗaga, gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya sauka, shi bai ma san an yi ba sai da ya ga bidiyo. Wata rana kuma kunne muka bi, na ce saurari silifas ɗinka, so nake in na rufe ido in kasa gane wacce ce ta karye. Muka manna salatif a ƙasa tazara daidai, ƙafar hagu ce za ta dinga kai wa layi, don in hagu ta yi dogon taku dole dama ta daɗe tana ɗauke da shi. Daga baya muka saukar masa da manhajar da ke buga ƙas-ƙas a waya, muka saita ta daidai saurin da yake yi sannan muka dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba a haɗa masa su lokaci guda fa, ɗaya bayan ɗaya, in ka ba mutum umarni uku ka koma sahun su Hajiya.

Wannan dabarar ta kawar da hankali daga gaɓa zuwa wani abu na waje Gabriele Wulf ce ta fi shahara da ita, tun 1998 take fitar da gwaje-gwaje a kai. A 'yan shekarun nan wasu sun sake tace alƙaluman sun ce an zuzuta amfanin fiye da kima, ni ma ban ɗauke ta doka ba. Amma mutumin da ya shafe wata takwas yana gadin gwiwarsa, duk abin da zai ɗauke idonsa daga kanta riba ce.

Sandarsa kuma a dama yake riƙewa, gefen da ya karye, kamar yadda kusan kowa ke yi. A ɗaya hannun ake riƙewa, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi gaba tare, dama haka hannu da ƙafa ke yi a tafiyar lafiya. Muka mayar da ita hagu, ban kuma yi gaggawar raba shi da ita ba.

Janye madubi, janye baki

Da abu ya fara kyau sai ya kamu da son madubin da yake kallon tafiyarsa a ciki da son a ce masa yauwa, kowane taku sai ya waigo ya kalli fuskata. To nan ake fara ja da baya. A 1990 wasu masu bincike, Winstein da Schmidt, sun koya wa mutane wani motsin hannu, wasu ana nuna musu sakamako duk gwaji, wasu rabin gwaje-gwajen kawai kuma ana ragewa a hankali, da aka dawo da su daga baya babu mai nuna musu komai 'yan rabin ne suka fi. Wanda kullum ake gyara masa ba ya koyon jin kuskurensa da kansa. Masu gyaran salon gudu sun ɗauki wannan, Irene Davis da ɗalibanta a Amurka a ayyukan da suka fitar 2011 da 2012 sun yi wa 'yan gudu masu ciwon gaban gwiwa zama 8 cikin sati 2, lokacin gudun na hawa daga minti 15 zuwa 30, a zama huɗun ƙarshe kuma ana janye allon ko madubin da ke nuna musu. Ciwo ya ragu, sabon salon ya zauna har bayan wata ɗaya, na madubin an bi su har wata uku. Amma fa mutum goma-goma ne, 'yan gudu masu jini a jika, babu dillali mai ƙarfe a ƙwauri a cikinsu, don haka tsarin kawai na ara, ban yi wa Alhaji alƙawarin sati biyu ba.

Madubin muka fara juya wa bango rabin lokaci. Sai na daina magana yana cikin tafiya, sai ya je ya dawo ya sake zuwa sannan in ce "ya ka ji wannan?" Da farko cewa yake "ai kai za ka faɗa likita." Na ce a'a kai za ka fara, in ka faɗi naka sai mu duba bidiyo mu ga wa ya canka. A hankali abin da yake ji ya fara dacewa da hoton, har ya kai yana tsayawa da kansa ya ce wancan zuwan na ɗage ƙugu ko? Bai ji daɗin wannan matakin ba ko kaɗan, har ƙorafi ya yi wa ɗansa a hanya wai likitan nan ya daina kula shi, zama kawai yake yana danna waya.

A baranda tafiya ta yi tsaf har ma'aikata na yi masa barka. Sai ɗansa ya kawo bidiyon kasuwa, dama tun farko mun yi da Alhaji cewa za a dinga ɗaukarsa ba tare da an gaya masa lokacin ba. Waya a kunne yana faɗa da wani direba kan lodin da bai iso ba, ƙugu a sama, ƙafa na zagaye, kai ka ce bai taɓa taka ƙofarmu ba. Duk mai wannan aikin ya san wannan. Abin da mutum ya yi a ƙarshen zama, jiki ya yi ɗumi ana kallonsa, ba shi ne abin da ya koya ba, abin da ya shigo da shi zuwa na gaba shi ne nasa. Shi ya sa awonmu a bakin ƙofa yake, yana shigowa tun gaisuwa ba ta ƙare ba, kafin kowa ya tuna masa komai.

Dole koyon ya bar baranda. A shekarun 1920 Nikolai Bernstein a Mosko ya ɗauki hoton ma'aikata masu dukan ƙarfe da guduma, ya maƙala musu ƙananan fitilu a gaɓoɓi, ya ga ko ƙwararre ba ya bin hanya ɗaya da kafaɗa da gwiwar hannu, kowane bugu da ɗan bambancinsa amma gudumar na sauka inda ake so. Ƙwararre ba motsi ɗaya ya haddace ba, hanyoyi da yawa yake da su na isa wuri ɗaya. Jos kuwa ba ta rasa filin gwaji, daga ƙofar gidansa zuwa titi akwai gangara, ga duwatsu sun leƙo daga ƙasa, ga kwata da ake tsallakewa, Farin Gada in an yi ruwa kuma taɓo ne da ruɓaɓɓen ganyen kabeji mai santsin tsiya. Muka dinga cakuɗa masa, tayil, tsakuwa, ciyawa, hawa, gangara, da sauri, a hankali, juyawa, da silifas, da sau-ciki, da leda a hannu, ba a jere ba, a hargitse. Muka kuma ɗora masa lissafi yana tafiya, kwando 17 a kan kaza, cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'adarka, nawa ya rage wa manomi? Yana fara lissafin ƙafa ta koma gidan jiya nan take. Irin wannan atisayen ya fi muni a ido, mutum gani yake baya yake ci, amma tun gwajin Shea da Morgan na 1979 aka san hargitsattsen atisaye kan fi zama in an kwana biyu.

Abin da ya fi yi mana aiki kuwa ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Masallacin unguwarsu tafiyar 'yan mintuna ce daga gida. Na ce Alhaji ba na son awa guda na atisayen da na san ba za ka yi ba, zuwa masallaci kawai nake so, duk zuwa ka zaɓi abu ɗaya, ko ƙasan takalmi ko ƙarar taku, a dawowa kuma ka manta da ni ka yi hirarka. Sau biyar a rana, gajere-gajere, bai kai ga gajiya ba, kuma ba sai Hajiya ta tuna masa ba, ladan ya ɗauke mata. Azahar da La'asar a kasuwa suke samunsa, hakan ma ya fi, hanya daban cunkoso daban. Asuba ce mai wuya da Disamba ta shigo, garin da ke wajen mita 1,200 sama da teku sanyinsa ba wasa ba, gwiwa a daskare take tashi, sai muka ce kafin ya fita ya zauna bakin gado ya yi ta lanƙwasawa yana miƙewa na ɗan lokaci.

Jana'iza

Ana tsaka da samun ci gaba aka yi rasuwa a unguwarsu. Ya bi gawa a ƙafa har maƙabarta, ya daɗe a tsaye, ya dawo a ƙafa, kuma ba sanda don kunya yake ji a gan shi da ita bayan an fara yi masa barka. Washegari gwiwa ta kumbura, ɗingishi ya dawo gaba ɗaya, shi kuma ya karaya ya ce aikin banza aka yi. Gwiwa in ta tara ruwa ko ba yawa, jijiyoyin cikinta na aika saƙon da ke rage wa tsokar gaban cinya wuta, mutum ya so ya matse ta amma ba ta amsawa duka. A irin wannan ranar ɗingishi ba sabo ba ne, dalili gare shi, kuma in ka takura wa mutum ya yi tafiya mai kyau a kan kumburarriyar gwiwa cutar da shi kake. Likitan ƙashi ya duba ya tabbatar babu abin da ya motsa, muka rage tafiya, ɗora ƙafa a kan filo, ƙanƙara, bandeji, muka mayar masa da sandarsa. Na ce daga yau ranar gajiya ko doguwar tafiya ɗauki abarka, tafiya mai kyau da sanda ta fi min ɗingishi ba sanda. Da kumburin ya saɓe sabuwar tafiyar ta dawo cikin 'yan kwanaki ba sai da aka faro daga tushe ba, a nan na yarda abin ya fara kama jiki.

A wannan zuwan ne ma ya amayar da abin da ke ransa tun farko, wai wani ya gaya masa ƙarfen na iya karyewa ko ya lanƙwashe in ya sakar masa nauyi. Tun daga gadon asibiti yake yawo da wannan a zuci bai faɗa wa kowa ba. Wannan kam babu salatif ko manhajar da za ta gyara shi. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton a gaban haske ya nuna masa inda layin karayar yake a da, ya ce Alhaji yanzu ƙashinka ne ke ɗauke da kai, ƙarfen zamansa kawai yake. Zuwan da ya biyo baya yadda yake sakin jiki a kan ƙafar ya canza a fili. In aka ce in zaɓi abu biyu da suka fi tasiri a lamarin nan, hanyar masallaci zan ɗauka da wannan maganar.

Inda aka kwana

Bayan wajen wata huɗu mita 10 ɗin nan yana cinye ta a kusan sakan 9 ba sanda, kuma awon shigowa ne. Kwankwaso ya lafa, gwiwar hagu ta daina tsami. A bidiyon kasuwa na ƙarshe yana waya yana ratsawa tsakanin kwanduna, sai wanda ya san ƙafar ne zai gane. Amma bai koma yadda yake kafin hatsari ba. In ya wuni a tsaye bayan La'asar ƙugun na ɗan ɗagawa, gangara mai tsayi har yanzu a kaikaice yake saukarta, cinyar dama ba ta kamo ta hagu ba don atisayen ƙarfi shi ne wanda ya fi tsallakewa. Ya bar salla a kujera, yana sujada, amma a zaman tahiya sai ya zame ƙafar gefe don wannan zaman na son gwiwa ta naɗe kusan duka. Karayar da ta shiga gaɓa kuma tana ƙara haɗarin amosanin gwiwa nan gaba, mun gaya masa ba ɓoye-ɓoye, da cewa ƙarfin cinya da rage tumbi su ne abin da ke hannunsa.

Ya daina zuwa da tumatirin rani ya fara shigowa, kasuwa ba ta barinsa. Maganar da ke gabansa yanzu ta cire ƙarfen ce, shi yana so wai yana jinsa in ana sanyi, likitan ƙashi ya ce ba dole ba ne sai in yana damunsa sosai, kuma ba yanzu ba. In aka cire zai sake yin 'yan makonni yana lallaɓa ƙafar, tsohon ɗingishin kuma jana'izar nan ta nuna mana bai goge ba, don haka mun rubuta a katinsa a ɗauke shi bidiyo kafin a shiga tiyata don a samu abin kwatantawa, a kuma turo mana shi tun satin farko bayan aikin.